Yadda Za Ka Zama Yarima Kafin Dawa Ta Nuna

Kai da ka gaji da a riƙa kiranka da sunan yanka tsirara kamar kowane manomi, matso kusa. Wannan hanya an gwada ta, ta kuma yi aiki. In ka bi matakan nan tara ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari tsakanin shuka da girbi za a riƙa ce maka Maɗaukaki a ƙofar masallaci, dattawa masu furfura su jeru su gaishe ka, alhali ko kujerar tsugunno ba ka gada ba. Ba sai wani sarki ya sani ba, ba kuma sai hukuma ta buga hatimi ba.

Ba da ka nake faɗa ba. Uzairu ɗan Hadizatu ne ya share wannan hanya a Hillat Jaɓɓo, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'ar ban-ruwa, tafiyar rabin sa'a a kan jaki daga Wad Haddad, shekara biyu kafin yaƙi ya zo ya watsa mutane. Duk abin da za ka ji, shi ya aikata da hannunsa, lamba kawai na sa wa abin.

Abu ɗaya za ka sani tun yanzu. Uzairu yana da hawasha, gonar dawa faddan biyar, kusan eka biyar ke nan, da ubansa ya bari. Abin da aka girbe a cikinta shi ne tuwon tsohuwarsa, Inna Hadizatu, daga kaka zuwa kaka, ba ta da wani rumbun bayan wannan. Ka ajiye maganar a gefe, don Uzairu ma a gefe ya ajiye ta.

Mataki na ɗaya: Ka je ka koyo daga masu abin

Sarauta ilimi ce, ba a tsintar ta a bakin tur'a. Uzairu shekara tara ya yi a wata ƙaramar ƙasa ta Turai yana aiki a fadar wani gidan sarauta da aka mayar gidan kallo. Aikinsa goge gilashi da sharar darduma. Masu fadar sun rasa mulki tun shekara ɗari da suka wuce. Mutanen ƙasar sun karɓe sarautar sun bar musu laƙabin, kamar wanda aka ƙwace wa saniya aka bar masa igiya, su kuwa suka riƙe igiyar nan gam.

A babban zauren akwai bishiyar zuriyarsu, an zana ta a bayan gilashi, Uzairu ke goge ta kowace safiya. Sau huɗu a yini wata tsohuwa mai yi wa baƙi bayani takan tsaya gabanta ta bi ta reshe reshe, shi yana gefe da tsumma. Kafin shekara uku ya haddace ta kamar karatun allo. Ya san laƙabin hawa uku ne: Maɗaukaki na Gidan Sarauta a sama, sai Maɗaukaki kawai, sai Maɗaukaki Mai Natsuwa a ƙasa. Ya san ta wajen uba kaɗai abin ke gangarowa, kowane ɗa namiji yarima ne ko da su ɗari ne. Ya san in 'yar gidan ta auri talaka, reshenta nan yake tsayawa. Har ya ji labarin wani gidan maƙwabta da duk 'ya'yansu maza suna ɗaya ake sa musu, sai a bi su da lamba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jikan gidan. Mutumin a wani gari yake sayar da injinan wanki, amma sau ɗaya a shekara sai a ɗauko shi ya buɗe biki. A miƙa masa almakashi, ya datse ƙyalle taku ɗaya, a tafa, a zaunar da shi ya fara cin abinci, ya tafi. Uzairu ya tsaya bayan labule yana kallo, zuciyarsa ta yi masa zafi. Ubansa shekara arba'in ya yi yana yankan dawa a sunkuye, ba wanda ya taɓa tafa masa. Shi kansa shekara tara a gidan nan, ba baƙon da ya tambayi sunansa. In ka ji irin wannan zafin, ka riƙe shi da kyau, shi ne jarinka.

Mataki na biyu: Ka nemo kaka ka wanke shi

Kowa yana da kaka, amma sai an gyara shi. Uzairu ya dawo gida ana cikin shuka, da akwati biyu da wata laima baƙa. Bai kwana uku ba ya sami Inna Hadizatu tana tsince wake a tsakar gida, ya tsuguna.

"Inna, kakanmu Jaɓɓo, da yat taho daga Sakkwato cikin ayarin hijira, mi a matsayinai?"

"Jaki shika kora, ɗana," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Jakin salkunan ruwa. Tun daga can har bakin kogin ga a ƙasa yat taho, bai hau jakin ba don tausai."

Mai ƙaramar zuciya nan zai tsaya. Uzairu kuwa sai ya buga cinya.

"Tamam! Wa manya ka ba amanar ruwan shansu in ba jininsu ba? Can Turai, Inna, mai riƙe wa sarki kofi babban basarake na."

Tsohuwa ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake ta ce, "To, jakin fa? Shi ma jininsu na?"

Irin wannan tambaya ba a amsa ta. Ka miƙe, ka kakkaɓe riga, ka ce shekaru sun fara taɓa ta.

Mataki na uku: Ka sa a zana bishiya

Magana iska ce, fenti kuwa shaida ne. Uzairu ya ɗauko Mujtaba daga Wad Haddad, mai rubutu a jikin manyan motoci, ya ba shi bangon diwan gaba ɗaya, wato zauren baƙin da ke ƙofar gida. Kwana biyar Mujtaba yana kan tsani. A saiwa ya rubuta Jaɓɓo na Ɗaya. Daga nan rassa goma sha ɗaya suka fita, don marigayin bai yi wasa da aure ba, kusan duk ƙauyen daga tsatsonsa suke. Can ƙololuwa, inda sai ka ɗaga kai, aka rubuta da ruwan zinari: Maɗaukaki na Gidan Sarauta, Yarima Uzairu na Biyu, Shugaban Gidan Jaɓɓo.

Ba a taɓa yin wani Uzairu a zuriyar ba. Amma kada ka kuskura ka zama na ɗaya, na ɗaya sabon shiga ne.

Mujtaba ba ya iya barin bishiya haka nan, hannunsa ya saba. Da ya gama sai ya ƙara 'yan tsuntsaye biyu masu jan baki a kan reshe, ya ce wannan kyauta ce.

Mataki na huɗu: Ka toshe bakin masu dariya da laƙabi

Za a yi maka dariya, kada ka damu. Mako guda mutanen Hillat Jaɓɓo suna shigowa diwan ɗin bibbiyu da uku-uku, su kalli bango, su fita suna riƙe da ciki. Wanda ya fi kowa ƙarar dariya shi ne Baffa Alhasan, ƙanen uban Uzairu, dattijon da ba a taɓa sakin ruwa a tur'a ba tare da ya yi faɗa da wani a kan layi ba.

Maganin mai dariya a sa shi cikin abin. Uzairu ya tara maza bayan sallar Juma'a ya karanta musu doka: tunda ta wajen uba abin ke bi, duk wanda ya fito daga Jaɓɓo ta ɗa namiji yarima ne. Aka ƙirga, ban da shi kansa, suka kama arba'in da uku. Dariya ta ragu nan take. Ka ga mutumin da jiya yake cewa Uzairu ya dawo da taɓin sanyi, yau ya sa tabarau yana bin reshe da yatsa yana neman sunansa.

Sai rabon hawa. 'Ya'yan babban reshe suka sami Maɗaukaki. Sauran aka ba su Maɗaukaki Mai Natsuwa, cikinsu har da Baffa Alhasan, wanda tun da aka haife shi ba a taɓa haɗa sunansa da natsuwa ba. Da yake kuma Alhasan bakwai ne a zuriyar, aka bi su da lamba.

"Ni na huɗu?" in ji Baffa. "Ya zol, kai yaro, ni niy yanka ragon sunanka!"

"Lissafi na, Baffa. Ukun farko sun rasu."

"Mai Natsuwan ga kuma, sama shike ko ƙasa?"

"Hawa na ukku."

"Cikin nawa?"

"Cikin ukku."

Baffa Alhasan ya dubi bango. Sannan ya yi murmushi, abin da ba a saba gani ba, ya ce Allah ya ja zamanin Maɗaukaki. In dattijo mai faɗa ya yi maka murmushi, ka ɗauka ka ci nasara. Haka Uzairu ya ɗauka.

Mataki na biyar: Ka sare reshe

Nan ake gane mai yi da gaske. Laƙabin da kowa ke da shi ba laƙabi ba ne, sai an sami wanda aka hana. Kada kuma ka je nesa nema, na kusa ya fi nuna cewa doka ba ta san kowa ba.

Uzairu yana da ya, Hannatu, wadda ta goye shi yana jariri. Mijinta Osman mutumin kambo ne, rukunin bukkokin 'yan ƙwadago da ke bayan gonaki, waɗanda iyayensu suka zo tsinkar auduga suka zauna. Ba shi da hawasha, ba shi da Jaɓɓo. Shekara taran da Uzairu ya yi yana goge gilashi, Hannatu da Osman ne suka riƙe gonar Inna, su shuka, su kwana biyu suna jiran ruwa, su girbe, su zuba mata a rumbu. Mujtaba, da bai san dokar Turai ba, ya zana wa Hannatu reshe mai kyau da ganye huɗu, kowane ganye da sunan ɗa.

Ranar walimar buɗe bango, da safe, Uzairu ya kwaɓa farar ƙasa ya hau tsani da kansa. Shafa uku ya yi, reshen ya ɓace.

Da azahar aka shimfiɗa tabarmi, aka zaunar da kowa bisa hawansa. Wurin Osman ya faɗo bayan tabarma ta ƙarshe, inda ake tuɓe takalma. Hannatu ta shigo da babban faranti na kisra, siririyar gurasar dawa, a kai, ta sauke, ta ɗaga ido don ta ga ganyayenta da aka ba ta labari. Ta ga farin tabo.

"Uzairu, ina nike?"

"Yaya, doka ta. Ɗiya mace in ta auri wanda ba jinin gida ba, reshenta nan shika tsayawa. Ba ni niy yi ta ba, haka aka yi can."

"Can ina?"

"Turai."

Ta dube shi, ta dubi mazan nan arba'in da uku, kowa ya sami abin kallo a cikin kofin shayinsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance mabuɗin rumbun Inna daga bakin mayafinta ta ajiye kusa da farantin. Osman ya ce, "Ma'alesh, ba komai, jama'a," ya miƙe. Takalmansa na kusa, bai sha wahalar nema ba.

Bari in ajiye alli in faɗi wata magana. Mutanen Hillat Jaɓɓon nan su ne waɗanda in sun je ofis neman takardar zama ɗan ƙasa, wani yaron akawu zai kalle su ya ce Fallata, wato baƙin da suka zo daga yamma, ya ce su kawo shaidar inda aka haifi kakan kakansu, alhali a bakin kogin nan aka binne shi. Sun san ɗacin a ce maka kai ba ɗan gida ba ne, sun sha shi har ya ishe su. Ranar nan kuwa ba wanda ya buɗe baki, don kowa sunansa na bango. Na ji kunya, har yau ina ji. To, mu koma darasi.

Mataki na shida: Kada ka sunkuya

Damina ta wuce, dawa ta yi kai ta fara ja. A Hillat Jaɓɓo ba a girbi da hannu ɗaya. Gayya ake yi, wadda a can suka fi kira nafir: yau a taru a gonar wane, ya yanka akuya a tuƙa asida, gobe a koma ta wane. Ba a rubutawa, ba a roƙo. Ka je ta mutane, su zo taka, shi ke nan. Zumunta a ƙafa take, a nan kuwa har da ƙugu.

Yarima ba ya ƙin zuwa taron jama'arsa, zuwan ne dai irin nasa. Uzairu yakan iso bayan rana ta ɗaga, cikin farar jallabiya da rawani mai tsawon kamu goma da laimar nan baƙa. Ya tsaya a bakin gona. A miƙo masa lauje. Ya zaɓi zangarniya ɗaya mai kyau wadda ba sai ya duƙa ba, ya datse ta, ya ɗaga sama, ya jira tafi. Ranar farko ba a gane ba, sai da ya yi bayani. Daga nan ya wuce inuwa, ya fara sa hannu a akushi, ya yi wa masu aiki fatan alheri, ya tafi.

Don kada a ce son jiki ne, ya sa Mujtaba ya dawo ya rubuta a ƙarƙashin bishiya: mai laƙabi buɗe aiki yake yi, ba ya yin sa.

Gona goma sha ɗaya ya buɗe haka. Ta sha biyu ta Baffa Alhasan ce. Dattijon ya ɗago daga cikin karan dawa, gumi na bin gemunsa, ya dubi zangarniyar da ke hannun ɗan wansa.

"Maɗaukaki, wagga doka ta bango, taka ce kai ɗai, ko ta duk mai laƙabi ce?"

Ka lura da amsar Uzairu, don irinta ake so: mai faɗi, mai karamci.

"Ta kowa ce, Baffa. Ku dai ba ku saba ba tukuna."

"Za mu saba, in sha Allahu," in ji Baffa, ya koma ya sunkuya.

Mataki na bakwai: Ka kira naka taron

Gonar Inna ce ta ƙarshe a layi, kuma ba ta da sauran jira. Dawa ta bushe a tsaye, in ka taɓa zangarniya sai ƙwaya ta zubo. Jan-baki kuma sun iso, tsuntsayen nan da ake ce wa zarzur, waɗanda in sun taso daga gefen kogi sai ka ce hayaƙi. Da aka girbe sauran gonaki, wuri ɗaya ya rage musu a duk yankin. Mutum arba'in za su gama faddan biyar a yini guda. In aka ƙara kwana huɗu, kara za a tarar.

Uzairu ya aika sanarwa gida gida. Ya yanka bunsuru babba. Inna da matan maƙwabta suka hau tuƙi tun asuba.

Hantsi na yi sai ga su. Wallahi abin kallo ne. Maza arba'in da uku a jere a kan gaɓar tur'a, kowa cikin farar jallabiyarsa ta Idi, rawuna kamar kabewa, wasu har da sanda. Maɗaukaka a gaba, Masu Natsuwa a baya, ba wanda ya tsallake wani. Suka tsaya a bakin gona suka gaishe shi da cikakken laƙabinsa, murya ɗaya, har na Biyun ba su manta ba.

Kada in ɓoye maka, idon Uzairu ya kawo ruwa. Abin da ya yi shekara tara yana gani daga bayan labule, ga shi yau a gonar ubansa, kuma shi ake yi wa. Ka ga alkawarin da na yi maka ya cika.

Sai babban Maɗaukaki ya matso, ya karɓi lauje, ya zaɓi zangarniya ɗaya wadda ba sai ya duƙa ba, ya datse, ya ɗaga. Aka tafa. Ya miƙa wa na bayansa laujen ya wuce inuwa. Na biyu ya yi haka, aka tafa. Na uku ma haka. Lauje ɗaya suka zo da shi su duka.

Wajen na goma sha biyar murmushin Uzairu ya fara bushewa. Wajen na talatin ya matsa kusa da Alhasan na Huɗu, wanda ke jiran layinsa cikin natsuwar da ba a taɓa ganinsa da ita ba.

"Baffa, rana tana yi. Yaushe za a shiga?"

"A shiga ina, Maɗaukaki?"

"Gonar. Dawar Inna ce, Baffa, ka ga tsuntsaye."

"Na gane su. Amma doka tana bango, da fentin mota anka rubuta ta. Kai kac ce ba mu saba ba." Ya karɓi laujen, ya datse tasa, ya ɗaga. "To, mun saba."

Suka zauna bisa hawa suka cinye bunsurun har ƙashi, suka sha shayi, suka yi wa masu aiki fatan alheri, duk da babu su. Kafin azahar gona ta koma shiru, sai kukan zarzur. A bakin kunya an tara zangarniya arba'in da uku, an jera su da kyau.

Mataki na takwas: Ka riƙe martabarka a gaban tsuntsaye

Tsuntsu jahili ne, bai san hawa ba. Kada ka ɓata lokacin yi masa bayani.

Uzairu ya aika kambo neman 'yan ƙwadago. Aka ce masa duk sun fita, har waɗanda ɗan aiken ya gani zaune suna shan jabana, gahawar can. Washegari ya jira sai da rana ta take, lokacin da kowa ke cikin ɗaki, ya lallaɓa gona da lauje a cikin hannun riga. Hannun da ya shekara tara yana riƙe tsumma bai yi sa'a biyu ba ya tashi ƙuraje, suka fashe. Ya yanka abin da bai cika buhu ba. In ya kori tsuntsaye daga gabas su sauka yamma, in ya ruga yamma rawani ya warware ya harɗe masa ƙafa.

Rana ta uku yana cikin kara sai ya ji ƙarar gwangwani daga ɗaya gefen. Ya leƙa. Inna Hadizatu ce, mai shekara saba'in da biyar, ta ɗaura ɗamara, tana bin kunya tana buga tsohon gwangwanin mai da muciya, tana yi wa tsuntsaye ihu da muryar da ba ta kai taku goma ba. In ta yi 'yan taku sai ta tsaya ta dafa gwiwa. Ba ta yi masa faɗa ba, tun ranar walima ba ta ce masa komai a kan bango ba. Da ta gan shi sai ta ce, "Ka koma inuwa, ɗana, kar a gane ka."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Uzairu ya zauna a ƙasa cikin kara, da farar jallabiyarsa, ya rufe fuska. Gefen gabas na gonar ya riga ya zama fari, zangarniyu tsaye babu ƙwaya.

Mataki na tara: Ka yi afuwa irin ta manya

Safiya ta huɗu, tun rana ba ta fito sosai ba, ya iso gona ya tarar ana aiki. Mutum kusan ashirin, maza da mata, daga kambo, kowa da laujensa. Osman na gaba yana jan layi. Ba jeri, ba gaisuwa, ba wanda ya ɗago. Can tsakiya Hannatu ce, ta ɗaure ƙugu da mayafi, tana yanka tana jefawa a kwando kamar yadda ta yi shekara tara.

Dama irin wannan ba a barin ta ta wuce. Yarima na gaske shi ne mai mayar da wanda ya kora. Uzairu ya gyara rawani ya ratsa kara har inda take.

"Yaya."

Ba ta tsaya ba.

"Yaya, na yi tunani. Ko can Turai, shugaban gida shina da ikon sassauta doka. Yau ɗin ga zan aika a kira Mujtaba shi maida reshenki, da ganyen duka huɗu. Gimbiya Hannatu, hawa na ɗaya. Osman ma a samo mai wani abu."

Sai a nan ta miƙe. Ta share gumi da bayan hannu, ta dubi gefen gabas da tsuntsaye suka gama da shi, ta dubi Inna da ke zaune bakin kunya da gwangwaninta a cinya, sannan ta dube shi.

"Ka bar ni yadda kag goge ni, Uzairu. Da ka bar sunana bangon can, da yau Inna ba ta da mai yanke mata dawa."



Ta zaro wani lauje daga kwando ta miƙa masa. "Ajiye laimar. Ka bi bayan Osman, shi gwada maka. Kuma ka sunkuya, na ƙasa ma dawa ce."

Ya ajiye laimar. Ya warware rawanin ya naɗe hannunsa mai ciwo da shi, ya shiga layi a bayan mutumin da ya zaunar wurin takalma. Daga safe har la'asar ya yi a sunkuye, inda ubansa ya shekara arba'in. Faddan biyu da ɗan kai suka tsira cikin biyar, abin da zai kai Inna tsakiyar bazara in an yi tattali. Da suka ɗaure buhun ƙarshe kowa ya ɗauki laujensa ya kama hanyar kambo. Ba wanda ya tafa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Laƙabi na yi maka alkawari, ban ce da tuwo ba. In tsuntsaye sun cinye gonarka, ka kai ƙararsu can inda aka yi dokar. In baffanka ya yi maka murmushi, tsakaninku ne. Kuɗin fenti, bunsuru da ƙurajen hannu duk a wuyanka suke, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wani abu kuma da na manta ban sa cikin kayan aiki ba tun farko: kafin ka taka mataki na ɗaya, ka tabbata kana da ya wadda za ka shafe da farar ƙasa a gaban mutane, ta kuma zo maka da lauje rana ta huɗu. Wannan ba a koyo ta a Turai. In ba ka da irinta, kada ka zo wurina, ni ma ban san inda ake samu ba.